Abin da Farce ke Faɗa: Yadda Masana ke Bin Sawun Jini a Ƙarƙashin Fata

Danna farcen babban yatsanka da ƙarfi, ka riƙe na ɗan lokaci, sannan ka saki. Wurin zai yi fari fat, amma kafin ka ce kwabo jan ya dawo. Na taɓa tsayawa a ɗakin yara na wani asibiti ina kallon wata nas tana yi wa wani yaro haka. Gudawa da amai sun kwana biyu suna cinsa, idanunsa duk sun zurma. Ta kama yatsansa ta danna, ta saki, ta zuba wa farcen ido tana ƙirge a ranta. Uwar ta kasa haƙuri ta ce, "Sista, ciki ne fa ke damunsa, ba hannu ba." Nas ɗin ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Na sani, Maman yaro. Jininsa nake tambaya." Nan take ta aika a kira likita, ita kuma ta shiga neman jijiyar da za a sa masa ruwa.

Abin da ta gani shi ne jan farcen ya yi nawar dawowa. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa masu tantance yaran da ke buƙatar agajin gaggawa, idan hannun yaro ya yi sanyi, jan farcensa ya wuce sakan 3 bai dawo ba, bugun jininsa kuma yana sauri babu ƙarfi, to jini ya fara gaza zagaye jiki. Jiki kuwa idan ya shiga irin wannan hali, fata yake fara hana wa, don ya tattara abin da ya rage ya ba ƙwaƙwalwa da zuciya. Ita ake fara janye wa jini a ranar ƙunci, ita kuma ake malala wa shi a ranar zafi. Yadda ake wannan bayarwa da hanawa, da yadda masana suka koyi auna su, shi nake so mu warware, domin a ganina mu mazauna ƙasar zafi mun fi kowa buƙatar wannan sani.

Mu fara da lissafi. Zuciyar baligin da ke zaune yana hutawa tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya. Idan gari ba zafi ba sanyi, rabon fata a ciki kimanin mililita 250 ne, wato kwatan lita. A tsananin sanyi wannan rabo yana sauka har ya kusa zama babu. A tsananin zafi kuwa an auna shi ya kai lita 7 zuwa 8 a minti ɗaya, ya ma zarce duk abin da zuciya ke turawa gaba ɗaya a lokacin hutu. Dole zuciya ta ninka aikinta, a kuma rage wa hanji da ƙoda nasu kason. Abincin da fata ke buƙata don kanta ɗan kaɗan ne. Sauran jinin duk ɗan aike ne: ya ɗebo zafi daga can cikin jiki, ya kawo shi bakin fata, gumi ya bushe ya tafi da shi. Direba zai ce ai lagireto ke nan. Tsohuwa za ta ce randa ce, mai tsattsafo da ruwa ta jikinta iska ta busar, na ciki ya yi sanyi. Duka biyun sun yi gaskiya, sai dai randa ba ta iya rage tsattsafonta ko ta ƙara shi. Fata tana iyawa, kuma cikin sakanni.

Saman fata, wanda ke saɓulewa idan wuta ta ɗan lashi mutum, ba shi da hanyar jini ko ɗaya. A ƙarƙashinsa aka shimfiɗa raga biyu ta ƙananan jijiyoyin jini, ɗaya can ƙasa kusa da kitse, ɗaya a sama, da wasu jijiyoyin da ke tsaye suna haɗa su. Daga ragar sama wasu siraran magudanai ke tasowa, kowanne ya hau ya lanƙwasa ya dawo kamar ƙugiya. Sirantarsu ta kai jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda faɗin kowacce bai wuce kashi 7 ko 8 cikin dubu na milimita ba, sai sun yi layi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har su lanƙwashe, kafin su wuce. A nan ake sauke iskar oksijin da abinci, a kwashe dattin da nama ya tara.

Duk wanda ya taɓa ganin ban ruwa a Kadawa ya san tsarin: babban kanal, ƙananan hanyoyi, sannan fangali-fangali, ga mai ban ruwa da fartanya yana buɗe bakin wannan yana toshe na wancan. Masu ban ruwan fata su ne 'yan ƙananan jijiyoyin da ke gaban siraran magudanan, kowacce da zoben tsoka a jikinta. Tsokar ta matse, hanya ta tsuke. Ta saki, hanya ta buɗe. Motsi kaɗan ya isa. Wani likita Bafaranshe, Jean Poiseuille, ya nuna tun a shekarun 1840 cewa idan aka rage faɗin sirin bututu zuwa rabi, ruwan da ke bi ta ciki ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin 16 yake komawa. Idan aka ninka faɗin kuma, ruwan ya ninka sau 16. Da wannan ɗan motsi ake tashi daga kwatan lita zuwa lita 8.

Akwai kuma wasu hanyoyi na musamman a tafin hannu, tafin ƙafa, leɓe, hanci da kunne. Waɗannan yanke ne: suna ɗauko jini daga jijiyar da ke kawo shi su zuba kai tsaye a wadda ke mayar da shi, ba tare da ya bi ta siraran magudanan ba. Ba su ciyar da nama. Aikinsu zubar da zafi. Shi ya sa hannu ke ɗumi nan da nan ya kuma huce nan da nan. Nakan tuna wannan duk lokacin da na yi alwalar azahar da ruwan randa a bazara. Hannu, fuska, kunne, ƙafa, kusan duk wuraren da waɗannan hanyoyi suka fi yawa ruwan ke taɓawa, sai mutum ya ji sanyin har cikin ransa.

An daɗe kafin a ga waɗannan abubuwa da ido. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya. William Harvey na Ingila ya nuna a 1628 cewa jini zagaye yake yi, amma bai ga inda mai tafiya ke haɗuwa da mai dawowa ba. Marcello Malpighi na Italiya ne ya ga siraran magudanan da ke haɗa su a huhun kwaɗo a 1661. A farkon shekarun 1850 Claude Bernard ya yanke wata jijiyar saƙo a wuyan zomo, sai kunnen wannan ɓangaren ya yi ja ya ɗau zafi, aka gane cewa akwai umarnin da ke riƙe da hanyoyin jini a matse a kowane lokaci. A nan ya kamata in yi wata 'yar togaciya: Hausa ta kira mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙon ƙwaƙwalwa da suna ɗaya, jijiya. Zan riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo don kada su cakuɗe mana.

Wanda ya fi burge ni a cikin magabatan nan shi ne Thomas Lewis, likitan zuciya a Landan, domin kusan da ido da haƙuri kawai ya yi aikinsa. A shekarun 1920 ya riƙa jan abu marar kaifi a kan fatar mutum da ɗan ƙarfi yana kallon abin da zai biyo baya. Da farko jan layi ya fito daidai inda aka ja. Can sai ja ya bazu a kewaye. Daga baya layin ya ɗan kumbura. Ya gano cewa jan da ke bazuwa ba ya fitowa a fatar da jijiyar saƙonta ta mutu ta lalace, amma yana fitowa ko da an katse hanyarta zuwa laka ba da jimawa ba. Ma'ana, saƙon bai je ƙwaƙwalwa ya dawo ba. Reshen jijiya ne ya ji taɓi, ya juya ya sanar da reshen da ke kusa da shi, wannan ya buɗe hanyar jini. Fata tana yanke wasu hukunce-hukunce a gida ba ta kai ƙara fada ba. A 1930 kuma ya sa mutane tsoma yatsa a ruwan ƙanƙara. Yatsan ya yi sanyi ƙalau, amma bayan minti 5 zuwa 10 sai ya sake ɗumi da kansa, ya sake hucewa, ya sake ɗumi. Jiki na tsimin zafinsa, amma ba ya yarda yatsa ya mutu, sai ya riƙa leƙo shi da jini lokaci-lokaci.

Umarnin da ke zuwa daga sama iri biyu ne. Na farko na matsewa: jijiyoyin saƙo su saki wani sinadari, noradirenalin, tsokar jijiyar jini ta tsuke. Wannan ke aiki da asubar hunturu, lokacin da yatsun ɗan makaranta ke ƙagewa ya kasa riƙe alƙalami. Sanyin da ya taɓa fata kai tsaye ma yana ƙara wa tsokar saurin jin wannan umarni. A wasu mutane, galibi mata, abin yana wuce gona da iri, yatsu su yi fari, su koma shuɗi, sannan su yi ja da raɗaɗi idan jini ya dawo. Likitan Faransa Maurice Raynaud ya siffanta wannan a 1862, har yau da sunansa ake kiran larurar.

Na biyu shi ne na buɗewa, kuma shi ya fi wahalar da masana. A tafin hannu da tafin ƙafa, galibi sassauta matsi ya isa jini ya kwarara. A sauran fatar jiki mai gashi kuwa, kamar damtse da baya da ƙirji, sassautawa ba ta kai ko'ina ba. Wasu masu bincike biyu, Grant da Holling, sun nuna a 1938 cewa akwai wasu jijiyoyin saƙo da ke buɗe hanyoyin jini da gangan idan cikin jiki ya ɗau zafi, kusan daidai lokacin da gumi ke tsattsafowa. Kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarin jinin da fata ke samu a zafi daga wannan umarni yake. To da wane sinadari suke magana? A 1995 Dean Kellogg da abokan aikinsa a San Antonio ta jihar Texas sun sa ɗan dafin botulinum a wani ɗan wuri a fatar hannu, wanda ke rufe bakin jijiyoyin da ke sa gumi gaba ɗaya. Gumi ya tsaya, buɗewar ma ta tsaya. A wani wurin kuma suka sa maganin atirofin, wanda sinadari ɗaya kawai yake tarewa, wato asitilkolin. Gumi ya tsaya cak, amma hanyoyin jini suka buɗe, sai dai da ɗan jinkiri da ragi. Aka gane ke nan jijiyar tana aiko ɗan aike fiye da ɗaya a tafiya guda. Har yanzu ana muhawara a kan ko su wane ne sauran, kuma wannan na cikin tambayoyin da ke riƙe da masu binciken fannin.

Akwai murya ta uku, daga cikin jijiyar jinin kanta. Kowacce tana da wani siririn tantani da ya shimfiɗe cikinta, kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya tal. Da can an ɗauka shafe ne kawai, kamar yaɓen ɗaki. A 1980 Robert Furchgott a New York ya lura cewa jijiyar zomo tana saki idan an zuba mata asitilkolin, amma idan an goge wannan tantani ko da bisa kuskure ne, sai ta ƙi. Ashe tantanin ne ke fitar da wani abu da ke lallashin tsoka ta saki. Daga baya aka gano iska ce, naitirik oksaid, kuma a 1998 Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka karɓi kyautar Nobel a kanta. Lafiyar wannan tantani ita ce ta fara taɓuwa a hawan jini, ciwon suga da shan taba, tun kafin mutum ya ji komai. Wannan ne ya sa likitocin zuciya suka waiwayo kan fata: ga jijiyoyin jini a kusa, ba sai an tsaga kowa ba.

To yaya ake aunawa? Na'urar da ta buɗe fannin tana aiki da hasken leza. Kowa ya san yadda ƙarar hon ɗin tirela ke sirancewa idan tana tunkaro ka, ta yi kauri idan ta wuce. Christian Doppler ya bayyana dalilin a 1842, kuma haske ma haka yake yi. A 1975 Michael Stern ya nuna cewa idan aka haska leza a fata, hasken da ya bugi ƙwayar jini mai tafiya yana dawowa da ɗan sauyi, wanda ya bugi nama mai zaune kuma ya dawo yadda ya tafi. Daga gaurayen biyun ake lissafa yawan ƙwayoyin da ke motsi da saurinsu. Ana manna ɗan kan na'urar a fata da filasta, ba zafi ba jini. Amma tana da iyaka: zurfin kimanin milimita ɗaya take gani, lambar da take bayarwa ba mililita ba ce, kuma idan ka matsar da ita kaɗan sai lambar ta canja, don wani wurin yana kan jijiya wani yana tsakani. Na'urorin da suka biyo baya suna ɗaukar hoton fili guda na fata su zana taswirar jinin da launuka, abin da ya rage wannan matsala.

Saboda haka mai bincike ba ya wadatuwa da kallon fata tana zaune lafiya. Tsokanarta yake yi ya ga amsar da za ta bayar. Ana kwantar da mutum a ɗaki mai daidaitaccen yanayi na kusan rabin awa, bayan an hana shi taba da kofi da shayi tun sa'o'i kafin nan. A wajenmu dole a ƙara da goro, don shi ma yana ɗauke da kafin. Sannan a fara.

Gwajin da na fi so shi ne na ɗumi. Ana ɗumama ɗan wuri kamar faɗin kwabo zuwa digiri 42 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi a haka. Layin da ke kan kwamfuta zai yi tsalle sama cikin 'yan mintoci, ya ɗan sauko, sannan ya sake hawa a hankali har ya daidaita bayan minti 20 zuwa 30. Tudu biyu ne, kowanne da mai shi. Na farko aikin rassan jijiyoyin saƙon nan ne da Lewis ya gano. Idan aka shafa maganin kashe zafi a fatar, sai ya ragu ƙwarai. Na biyu galibi aikin naitirik oksaid ne. Idan aka tare inda ake ƙera ta, sai ya rushe. A zama ɗaya an tambayi jijiyar saƙo an tambayi tantani. A ƙarshe a ƙara zafin zuwa 43 ko 44 don hanyoyin su buɗe iyakar buɗewarsu, a auna sauran sakamakon da wannan ƙololuwa, ta yadda za a iya kwatanta hannun wani da na wani.

Sauran gwaje-gwajen duk dangin wannan ne. A ɗaura abin awon hawan jini a damtse, a hura shi har jini ya tsaya na minti 5, a saki, a ga yadda zai kwararo ya biya bashi. A tura magani cikin fata da ɗan lantarkin da bai kai a ji shi sosai ba. Ko a soka wani siririn zare mai huda-huda a cikin fata, a riƙa zirara magani ta ciki zuwa ɗan wuri ƙanƙani, sauran jiki bai san ana yi ba. Ko da an ƙyale fata ma, layin ba ya tsayawa wuri ɗaya: akwai kaɗawar bugun zuciya, akwai ta numfashi, akwai wata kusan sau 6 a minti wadda tsokar jijiyar ke yi da kanta, da wasu masu nawa fiye da haka na jijiyoyin saƙo da tantani. Masana lissafi sun koyi tsefe su ɗaya-ɗaya.

Kicin ma ɗakin gwaji ne. Sinadarin da ke sa barkono yaji yana taɓa wata ƙofa a jijiyar saƙo wadda asalin aikinta jin zafin da ya haura digiri 42. David Julius ya gano ta a 1997, ya kuma samu Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Shi ya sa mai cin tsire da yaji ke gumi ko a cikin hunturu, hannun mai jajjage kuma ya yi ta zogi. Mantol ɗin da ke cikin man zafi yana taɓa ƙofar jin sanyi, sai fata ta ji iska-iska, alhali awo ya nuna jinin wurin ƙaruwa yake yi. Abin da fata ke ji daban, abin da jini ke yi daban.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Da tsufa, umarnin buɗewar nan yana rauni, gumi ya ragu, zuciya kuma ba ta da ƙarfin ninka aiki kamar da. Tsoho a cikin zafi yana tsakanin abu biyu: in fata ba ta samu jini ba zafi ya taru a ciki, in ta samu zuciya ta jigata. A aikin Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301. A watan Afrilun 2024 ɗin, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. Idan na ji an ce wa dattijo "Baba, ka shiga inuwa, ka jiƙa jikinka, ka tsoma hannu a ruwa," na san ba lallashi ba ne kawai, ana yi wa zuciyarsa ragin kaya ne.

Mai ciwon suga kuma duka biyun ke lalacewa masa, jijiyar saƙo da tantani. Ƙafarsa tana iya zama da ɗumi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, a zaci jini ya wadata, alhali yawancinsa ta yanke yake wucewa. Ƙaya ta soke shi bai ji ba, jan da ya kamata ya bazu ya kawo agaji bai zo yadda ya kamata ba, ƙaramin ciwo ya zama gyambo. Da yawa daga ƙafafun da ake yankewa a asibitocinmu daga nan labarinsu ya faro.

Sai sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kimanin 150,000 a kowace shekara. Ƙwayar jinin mai sikila idan ta sauke oksijin tana sandarewa ta lanƙwashe kamar lauje, don haka duk abin da ya jinkirta ta a cikin siririn magudani haɗari ne. Matsewar jijiya kuwa jinkiri ce. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin da ke fashewa suna zubar da sinadarinsu a cikin jini, shi kuma ya lashe naitirik oksaid. Tun a 1984 Griffin Rodgers da abokan aikinsa a Amurka suka sa na'urar leza a hannun masu sikila suka ga jinin yana hawa da sauka a jere da ƙarfi, ba kamar na sauran mutane ba. Daga baya masu bincike a Los Angeles suka nuna cewa dogon numfashi kawai, irin na ajiyar zuciya, yana sa jijiyoyin yatsun masu sikila matsewa fiye da na wasu, kuma sanyi da fargabar ciwo ma suna jawo matsewa. Uwar da ke dafa wa ɗanta ruwan wanka tana sa masa safa da rigar sanyi tun kafin hunturu ya kankama ta riga na'ura sanin wannan. Kumburin hannu da ƙafa a jariri, da gyambon idon sawu da ke ƙin warkewa a saurayi, duk labarin ƙananan hanyoyin jini ne.

Ko man bilicin yana da hannu a nan. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke matse jijiyoyin fata har ta yi haske. Tun 1962 ma da wannan hasken masu harhaɗa magunguna ke auna ƙarfin irin waɗannan mayuka. Bayan watanni fata ta sirance, jijiyoyi su buɗe su ƙi komawa, su fito kamar zare a kumatu, ciwo kuma ya riƙa nawar warkewa.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan ilimi. Yawancinsa a kan farar fata aka gina shi, a ƙasashen sanyi. Jan layin Lewis a hannun Bature ya gan shi. Littattafan koyar da jinya suna cewa alamar farko ta gyambon kwanciya ita ce ja wanda ba ya gushewa idan an danna. A bayan tsohuwar da ta yi wata uku a kwance a gidanmu, wane ja za a gani? Wurin duhu yake ƙarawa, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko laushi fiye da kewayensa, kuma hannu ne zai gane kafin ido. Idan ba a koya wa mai jinya haka ba, sai fata ta fashe sannan a farga. Na'urorin haske ma ba su tsira ba, domin sinadarin da ke ba fata duhu yana shanye wani kaso na hasken. A ƙarshen 2020 likitoci a Jami'ar Michigan sun nuna cewa 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin tana ɓoye ƙarancinsa a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi a fararen fata. Ba gudun jini take aunawa ba, amma ta cikin jijiyoyin yatsa take leƙe, kuma darasin ya shafi duk na'urar da ke dogara da haske.

An yi wasu gwaje-gwajen ɗumi a Amurka da suka nuna rabon naitirik oksaid ya fi ƙanƙanta a matasa baƙaƙe masu lafiya idan an kwatanta da farare. Ban yarda a ɗauko wannan a ɗora wa kowane baƙar fata a duniya ba. A wani gwaji a jihar Pennsylvania, makonni 4 na shan bitamin D sun rage tazarar, wato rana da abinci da yanayin rayuwa suna ciki. Ɗalibin da ke zaune a garin dusar ƙanƙara daban, manomin da ke huɗa a Gumel ko Tasawa daban. An san cewa mako ɗaya zuwa biyu na aiki a zafi yana ƙara ruwan jini, ya sa fata ta fara buɗewa da gumi tun jiki bai yi zafi sosai ba. To wanda aka haifa a cikinsa fa? Mai azumi a watan Afrilu fa, da mai juna biyu da ke girki a murhu da tsakar rana, da mai sikila a daren Janairu? Waɗannan tambayoyinmu ne, kuma masu amsar suna zaune a layin asibitocin Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram.

Ba duka aikin ke buƙatar kuɗi mai yawa ba. A gindin farce, inda fata ta rufo shi, siraran magudanan suna kwance ne a gicciye maimakon a tsaye, don haka ana ganin ƙugiyar gaba ɗayanta. A nan Eugene Landis ya soka ɗan siririn gilashi a 1930 ya auna ƙarfin jinin da ke cikin magudani ɗaya, ya samu kimanin milimita 32 a ma'aunin da ake awon hawan jini, a ɓangaren da jini ke shigowa. A nan kuma likitocin gaɓoɓi ke duba masu larurar Raynaud, don idan ƙugiyoyin sun kumbura sun yi ƙato, ko sun zubar da jini, ko sun ɓace a wasu wurare, alama ce ta cutar da ke sandarar da fata, tun shekaru kafin ta bayyana. Abin da ake buƙata shi ne madubi mai ƙara girma, ko 'yar kyamarar da ake jona wa kwamfuta, da ɗigon mai. A fata mai duhu sai an ƙara haƙuri da gyara haske, lalle kuma yana iya rufe wurin. Mutum ya zauna minti 15 hannunsa ya saba da ɗakin, a fara da yatsan zobe don fatarsa ta fi nuna ciki, a ɗiga man, a kawo madubin a hankali. Za su fito a jere, bakwai ko fiye a kowace milimita, kuma idan hannu bai motsa ba za ka ga ƙwayoyin jinin suna bin lanƙwasar, su tsaya cak na ɗan lokaci, sannan su ci gaba.